Takalmin da Ya Zagaye Mont Blanc da Gidan da Ya Fito

 Yau za a bar ƙwallo ta huta, a nufi tsaunukan Turai.

Ranar Asabar, 27 ga Agusta, 2022, ana dab da ƙarfe biyu na rana, wani siririn mutum ɗan shekara 34 ya shigo tsakiyar garin Chamonix na ƙasar Faransa a guje, jama'a dama da hagu suna ta kaɗa ƙararrawa. Tun ƙarfe shida na yammacin Juma'a ya bar wannan dandali. Ya kwana yana gudu da tocila a goshi, ya ratsa Italiya cikin dare, ya bi ta Suwizalan, ya dawo Faransa, wato ya zagaye tsaunin Mont Blanc kaf. Tazarar ta kai kilomita 170, kusan nisan Kano zuwa Katsina, sai dai a nan idan aka tara hawan da ke kan hanya zai kai mita 10,000. Agogo ya tsaya a kan sa'a 19 da minti 49 da daƙiƙa 30. Tun da aka fara wannan tsere mai suna UTMB a 2003, ba wanda ya taɓa gama cikakken zagayen cikin ƙasa da sa'a 20 sai a ranar.

Sunan mutumin Kilian Jornet. Da ƙura ta lafa, hankalin masu sha'awar wasan ya koma kan ƙafarsa, domin takalmin da ya yi wannan aiki da shi ya sha jiki tun kafin ranar. Shi ne ya sa a watan Mayu lokacin da ya kafa tarihi a tseren Zegama na ƙasar Sifaniya, kuma shi ne ya sa a watan Yuli ya lashe tseren Hardrock a Amurka. Manyan gasanni uku, nasara uku, takalmi bai canza ba.

Gidan da takalmin ya fito yana wani ƙauye mai suna Måndalen a yankin Romsdal na ƙasar Norwe, inda duwatsu ke tashi tsaye daga bakin ruwan teku. A gidan akwai zakaru biyu. Ta biyun ita ce Emelie Forsberg, 'yar ƙasar Suwidin, abokiyar zaman Kilian kuma uwar 'ya'yansa. A watan Mayun 2013 su biyun suka je tsibirin La Palma, wurin tseren Transvulcania da ake yi a kan duwatsun aman wuta. Shi ya zo na ɗaya a maza, ita ta zo ta ɗaya a mata. Kafin watan ya ƙare suka sake yin haka a Zegama. A 2014, a gasar duniya ta gudun tsauni da aka yi a Chamonix, ita ta ɗauki kambun tseren kilomita 80, shi kuma ya ɗauki na kilomita 42.

Kowannensu da hanyar da ta kawo shi. An haifi Kilian a 1987 a yankin Kataloniya, ya tashi a wani masaukin mahaya tsauni da ake kira Cap de Rec, a tsaunukan Pyrenees, kimanin mita 2,000 sama da teku, inda mahaifinsa ke kula da wurin yana kuma yi wa baƙi jagora. Yana ɗan shekara biyar ya taka ƙololuwar Aneto mai mita 3,404, wadda ta fi kowace tsawo a tsaunukan. Yana ɗan shekara shida ya hau Breithorn, wanda ya haura mita 4,000. Lokacin da ya lashe UTMB karon farko a 2008, shekararsa 20 kacal, amma ƙafarsa ta riga ta yi shekara goma sha biyar tana karatun dutse.

Emelie kuwa, wadda aka haifa a 1986 a gaɓar tekun arewacin Suwidin, ba da niyyar gasa ta fara ba. Ta yi karatun ilimin halittu, ta yi aikin gashin burodi a wani masaukin tsauni a Norwe, tana fita gudu idan ta tashi daga aiki. Labarin tserenta na farko ya shahara a tsakanin masu wasan: ta sa kek ɗin cakulan a jaka, da ta kai saman dutsen ta zauna ta ci abinta, sannan ta tashi ta gangaro, kuma ita ta zo ta ɗaya. A 2012 ta shiga tawagar kamfanin Salomon, inda Kilian ya daɗe, kuma a shekarar ta zama zakarar jerin gasannin gudun tsauni na duniya.

To, me ya sa maganar takalmi ke da zafi haka a wannan wasa?

Mai gudu a kan kwalta taku iri ɗaya yake maimaitawa sau dubbai, don haka abin da yake nema shi ne takalmin da zai mayar masa da ƙarfin da ya buga a ƙasa. Shi ya sa takalman gudun fanfalaki na zamani suka yi kauri, aka cusa musu soso mai tsalle da wani siririn faranti mai tauri a ciki. Da irinsu Eliud Kipchoge na Kenya ya yi kilomita 42 cikin ƙasa da sa'a biyu a birnin Vienna a 2019, kuma a 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade cewa kaurin tafin takalmin tseren hanya kada ya wuce milimita 40. A kan tsauni lissafin daban ne. Babu taku biyu masu kama da juna: wannan a kan dutse mai santsi, na gaba cikin taɓo, na bayansa a kan tsakuwar da ke zamewa. Idan tafin takalmi ya yi tsawo, ƙafa na nesa da ƙasa, idon sawu na saurin gurɗewa. Idan ya yi siriri da yawa, bayan sa'a goma kowane ɗan dutse sai an ji shi har ƙwaƙwalwa.

Akwai kuma batun haƙoran robar da ke ƙasan takalmin. Dogaye suna nitsewa cikin taɓo su kama, amma a kan busasshen dutse sai su riƙa lanƙwashewa. Gajeru masu faɗi sun fi manne wa dutse, amma a taɓon Zegama, inda ruwan sama ba ya sallama, mutum zai iya gangarowa da mazaunansa. Roba mai laushi ta fi riƙo, ita ce kuma mai saurin cinyewa. Saman takalmin ma da nasa zance: wanda ba ya shigar da ruwa, idan ruwan ya samu hanya ta wuya ya shiga, to ba ya fita, sai ƙafa ta jiƙe ta yi bororo. Saboda haka masu dogon zango suka fi son yadin da ke sha ya zubar nan take. Kuma sukan bar sarari a gaban yatsu, don ƙafa na kumbura idan tafiya ta yi nisa, kuma a gangare yatsu na dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi ya faɗi.

Ita kanta robar tana da tarihi mai ɗaci. A 1935 wasu abokan wani mahayin tsauni ɗan Italiya mai suna Vitale Bramani, su shida, suka mutu a tsaunukan Alps, aka ɗora wani ɓangare na laifin a kan takalman da suka sa. Bramani ya duƙufa neman mafita, a 1937 ya fito da tafin roba mai haƙora, ya raɗa masa suna Vibram daga farkon sunayensa biyu. Har yau robar wannan kamfani ce a ƙarƙashin takalman da Kilian da Emelie ke sawa.

Kilian ya taɓa koyon darasin takalmi a jikinsa. A 2010 ya je tseren Western States a jihar Kalifoniya, mil 100 cikin kwazazzabai masu zafi kamar tanda. Ƙishirwa da ɗaurewar jijiya suka kama shi, ya ƙare a na uku. Da ya koma gida ya zauna da masu zanen takalma na Salomon, suka fitar da wani mara nauyi, mai shan iska, mai saurin bushewa, wanda daga baya aka sa wa suna Sense. A 2011 ya koma da shi ya lashe tseren. A ƙarshen 2021 ya rabu da kamfanin bayan shekaru kusan 18, ya haɗa hannu da Camper, masu yin takalma a tsibirin Mallorca, suka kafa NNormal a 2022, Emelie na cikin 'yan wasan farko da suka sa kayan. Takalminsu na tsere, Kjerag, sunan wani dutse ne a Norwe. Nauyinsa kimanin giram 200 ne, haƙoransa milimita uku da rabi. Na biyun, Tomir, sunan wani dutse ne a Mallorca. Ya fi kauri, haƙoransa milimita biyar, an yi shi don yau da gobe.

A nan ya kamata mai sauraro ya riƙe abu biyu a lokaci guda. Hujjar Kilian ita ce, duk takalmin da aka ƙera ya ci roba da makamashi, kuma ƙarshensa juji ne, saboda haka wanda ya daɗe a ƙafa ya rage ɓarna. Maganar tana kan hanya. Amma mai faɗinta yanzu mai shago ne, kuma mai shago ba ya kushe hajarsa. Sannan mutum ne mara nauyi, mai taku kamar kyanwa. Takalmin da ya yi masa gasanni uku ba lallai ya yi wa ƙaton da ke dukan ƙasa da diddige rabin haka ba.

Wannan salo na tafiya da kaya kaɗan ya taɓa jefa su cikin tsaka mai wuya. A watan Satumban 2013 su biyun suka kama wata hanyar hawa mai wuya da ake kira Frendo, a fuskar arewa ta Aiguille du Midi, dutsen da ke kallon Chamonix daga sama. Tufafinsu marasa nauyi ne, takalmansu kuma na gudu. Garin yana kan mita 1,035, ƙololuwar tana kan mita 3,842, kuma a ƙa'ida duk hawan mita 1,000 zafin iska na raguwa da kimanin digiri shida da rabi. Ke nan tun kafin hadari ya taso, saman ya fi garin sanyi da kusan digiri 18. Mai gudu jikinsa ne murhunsa, muddin yana motsi. Ranar kuwa hanya ta rikice musu dab da ƙarshe, lokaci ya ƙure, yanayi ya juya, suka tsaya, sanyi ya fara cin Emelie. Hangen Dala ba shiga birni ba. Suka kira jandarmomin ceto na tsauni, waɗanda suka sauko musu da igiya daga sama suka fitar da su.

Chamonix ta ɗauki zafi. Wasu jagororin tsauni da jami'an gari suka yi ta faɗa cewa masu kambas na mayar da duwatsun ƙanƙara filin wasa, kuma matasa za su ga hoto su kwaikwaya ba tare da sun san abin da ke bayan hoton ba. Kilian da Emelie ba su yi musu ba, sun amsa cewa sun raina yanayin kuma kayan sanyinsu bai isa ba. Shi Kilian ya san kuɗin da dutse ke karɓa: a watan Yunin 2012, yana tare da abokinsa kuma gwaninsa Stéphane Brosse a Aiguille d'Argentière, leɓen dusar ƙanƙara ya karye a ƙarƙashin Brosse, ya faɗa ya mutu a gabansa. A 2017, bayan mutuwar wani mai gudu a Mont Blanc, magajin garin Saint-Gervais ya kafa dokar kayan da dole mai hawa ta hanyar garinsa ya ɗauka. UTMB ma tana da nata jerin: rigar ruwa, tocila biyu, bargon gaggawa, usur, waya, da ruwan sha aƙalla lita ɗaya. Wanda aka bincika ba shi da su, hukunci ya hau kansa ko da shi ke kan gaba.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne atisayen, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kilian kan yi sama da sa'a 1,000 a shekara yana motsa jiki, kusan duka a waje. Bayan nasarorin 2022 ya wallafa lissafin atisayensa na shekarar, mutane suka yi mamaki, domin mafi yawan sa'o'in a hankali aka yi su, irin tafiyar da mutum zai iya hira da na kusa da shi ba tare da haki ba. Gudu mai tsanani ɗan kaɗan ne a mako. Dalilin a fili yake: aiki mai sauƙi na tsawon lokaci shi ke ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, ya koya wa jiki ƙona kitse maimakon dogaro da sukari kaɗai, ya kuma ƙarfafa jijiyoyi da ƙashi, waɗanda ba sa saurin sabawa kamar zuciya da huhu.

Shekarar gidan kashi biyu ce. A Romsdal, a watan Disamba, hasken rana bai fi na sa'a biyar ba, duwatsu kuma sun lulluɓe da dusar ƙanƙara. A lokacin sai a rage gudu sosai, a ɗauko allunan zamiya. Ana manna musu wani ƙyalle mai gashi a ƙasa don kada su zame baya, a hau dutse da su taku bayan taku, a sama a ɓare ƙyallen a sulalo. Zuciya da huhu na shan aiki a hawan, gwiwa kuma na hutawa a saukowa. Wannan hutu na da muhimmanci, don a gudun tsauni gangare ne ke lalata ƙafa: tsokar cinya na birki tana miƙewa a lokaci guda, zaruruwanta na yayyagewa kaɗan-kaɗan, shi ya sa da yawa daga masu janyewa a dogon tsere numfashinsu lafiya lau, cinya ce ta ƙi. Su biyun duka sun yi gasar wannan hawa da allunan zamiya a matakin duniya. Idan ƙanƙara ta narke, rana ta ƙi faɗuwa sai can tsakar dare, sai takalmin gudu ya dawo, a bi hanyoyin da suka tashi daga bakin teku zuwa mita 1,000 da ɗoriya cikin 'yan kilomitoci, a kan jiƙaƙƙen dutse da ciyawa mai santsi.

Duk da haka jiki ya karɓi rabonsa. A watan Fabrairun 2016 jijiyar gwiwar Emelie ta tsinke a wata gasar zamiya, aka yi mata aiki. A watan Agustan shekarar ta lashe Kima a Italiya, tseren da ake kama sarƙa ana ratsa duwatsu. A 2017 a Hardrock, inda ake gudun kilomita 160 mafi yawansa sama da mita 3,000, kuma wanda ya gama sai ya sumbaci wani dutse mai zanen kan rago, Kilian ya faɗi tun bai yi nisa ba, kafaɗarsa ta goce. Ya mayar da ita da kansa, ya saƙale hannun a jikin jakarsa, ya yi sauran kilomita kusan 140 da hannu ɗaya, ya kuma zo na ɗaya. A watan Maris na 2018 ya karya ƙashin ƙafa a gasar zamiya ta Pierra Menta.

Shekarar 2018 ta Emelie ce. A watan Yuni ta tashi daga Chamonix ta hau Mont Blanc, mai sama da mita 4,800, ta dawo cikin sa'a 7 da minti 53, tarihin da ya yi shekara biyar ba macen da ta karya. A watan Yuli ta kama Kungsleden, wato Hanyar Sarki, a arewacin Suwidin, mai kimanin kilomita 450, kamar a ce daga Kano zuwa Abuja, cikin fadamu da sauro da tafkunan da sai an shiga kwalekwale. Ta gama cikin kwana 4 da sa'a 21.

A 2019 suka samu 'yarsu ta fari, a 2021 ta biyu, tsarin gidan ya sake. Atisaye ya koma karɓa-karɓa: wannan ya fita, wancan ya zauna da yara. Tafiye-tafiye suka ragu, gasanni suka koma 'yan ƙalilan da aka zaɓa a shekara. Emelie ta ba da ƙarfi ga lambunta, inda take noma dankali da karas da ganyaye cikin ɗan gajeren lokacin ɗumi na Norwe, ta kuma kafa kamfanin abincin 'yan wasa mai suna Moonvalley tare da ƙawayenta biyu, Ida Nilsson da Mimmi Kotka; sunan fassarar Måndalen ne, wato kwarin wata. Tun kafin nan, a 2014, ita da Kilian sun kafa tserensu a Tromsø, can arewacin Norwe, wanda ya riƙa bi ta kan siririn doron dutsen Hamperokken, rami dama rami hagu.

Raguwar tafiye-tafiyen ba ta rage gudun ba. A 2024 Kilian ya lashe Zegama karo na 11. Ranar 10 ga Agustan shekarar, a tseren Sierre-Zinal na Suwizalan mai kilomita 31, ya yi kankankan da Philemon Kiriago na Kenya har cikin titin gari, ya riga shi da ƙasa da daƙiƙa biyu, ya karya tarihin da shi kansa ya kafa a 2019 da daƙiƙa ɗaya tak: sa'a 2 da minti 25 da daƙiƙa 34. Kwana uku bayan haka ya hau Piz Bernina, ya fara bin ƙololuwa 82 na tsaunukan Alps da suka haura mita 4,000, ɗaya bayan ɗaya, ba mota ba jirgi, daga ƙafa sai keke. Marigayi Ueli Steck na Suwizalan ya yi wannan zagaye cikin kwana 62 a 2015. Kilian ya gama a Barre des Écrins na Faransa cikin kwana 19, bayan tafiyar kilomita 1,200 da 'yan kai. A wannan karon akwai igiya, da gatarin ƙanƙara, da ƙarafa masu ƙayoyi da ake ɗaura wa takalmi, kuma a wurare masu haɗari da dama akwai abokan hawa tare da shi.